Ranar da Na Kai Gunkin Mushe Kance

Ni ce mai sharar lakwal ɗinmu, makarantar Nasara, a Matameye. Ba don na fi kowa iya shara ba, don na fi kowa shiru ne, kuma mushe, wato malamin da Nasara suka kawo mana, ba ya son yaron da zai dame shi da surutu yana karatu. Mu uku ne mata a cikin tarin yara maza. Lokacin Faransa ba ta daɗe da zama a ƙasar ba. Kumandan, Baturen da ke mulkinmu, yana Damagaram, sai ya aiko cewa kowace unguwa ta ba da yara. Masu sarauta da attajirai suka tura nasu ƙauyuka, aka bi gidajen waɗanda ba su da mai tsaya musu. Babana magini ne, ba shi da ɗa namiji. Mai unguwa ya ce ai kai ake ƙirgawa, Nasara bai ce namiji ko mace ba. Haka na shiga.

Mushe baƙar fata ne kamarmu, haifaffen Birnin Damagaram, kuma kowa ya san ubansa malami ne da manya ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. An ɗauke shi yana ƙarami aka kai shi wata babbar makaranta can bakin teku. Ya dawo da wandon kaki, da hular hana-salla, da labarin cewa babu Allah.

Da ya bar labarin nan a cikinsa, da ba wanda zai kula. A garinmu akwai masu sallar da ba ta wuce goshi ba, akwai masu zuwa bukkokin arna su sha abin da za su sha, su dawo suna tauna goro. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Shi mushe ba ya son a kau da kai. Gidansa ɗaki biyu ne da tsakar gida mai katanga, amma da azumi sai ya fito da tebur ƙofar gida, daidai lokacin da mutane ke dawowa daga kasuwa leɓe a bushe, ya zauna yana cin shinkafa da cokali. Na lura da wani abu. In hanya ta yi shiru, cokalin yakan kwanta a kwano. Sai ya hango mutum tafe, sannan ya ɗauka ya kai baki.

Ba zan ce bai iya koyarwa ba. Wata rana ya kawo buta ya ɗora a wuta a gabanmu, ya riƙe faranti mai sanyi a kan tururin, ruwa ya taru ya ɗigo. Ya ce ga ruwan samanku nan, tururi ne ya tashi ya huce ya faɗo, ba malami, ba roƙo, ba wanda ya sa shi. Abin ya burge ni, har yau ina ganin ɗigon nan a bakin farantin. Da yara suka kai labari gida, wani tsohon masaƙi a unguwarmu ya ce a tambayi mushe wa yake hura wuta a ƙarƙashin babbar butar. Ba wanda ya kai masa tambayar.

A bangon aji, sama da babban allo, akwai alkuki. A cikinsa aka ajiye wata farar mace da aka ƙera da wata irin farar ƙasa, daga kai zuwa ƙirji, ba hannu, da hula mai lanƙwasowa gaba. Daga Damagaram aka aiko ta cikin akwati da ciyawa. Komai na ajin ni ke gogewa, ban da ita. Ita mushe ke gogewa da kansa kowace safiya, ya hau benci, ya naɗe hankici a yatsa, ya bi har cikin kunnuwanta. Ranar bikin Nasara kuwa yakan jera mu a gabanta mu yi waƙa, shi ya cire hula ya miƙe ƙyam.

A bazarar shekarar da nake ba da labari, soron ajin ya tsage, daidai saman alkukin. Aka kira babana. Ranar Alhamis ya zo, don ba a karatu ranar. Tun hantsi yana kan soro yana farfasa tsohon daɓe, yana cike tsagar da sabuwar ƙasa. Ni nake ɗebo masa ruwa a rijiya ina miƙa masa ƙasar da ya kwaɓa. Mushe ya fito da kujera ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban lakwal, da littafi a hannu, ya wuni yana ba da umarni a kan aikin da bai sani ba. Ba ya ce da babana Malam ko Baba, sai dai "kai magini". Da la'asar Baba ya sauko, ya ce saura makuba, sai ƙasar ta bushe zai zo ya shafa, in ba haka ba ruwan fari ma zai ratsa.

Bai samu ya shafa ba. Ranar nan ta Alhamis wani maƙwabcinmu ya ari jakin Baba tun asuba, ya ce itace zai ɗauko. Ashe yadi ya je ɗaukowa daga ƙasar Ingilishi ta bayan Ɗan Barto, ba tare da ya bi ta duwan, wato kwastan, ba. Wani ɗan duwan ya yi kiciɓis da shi a cikin gonaki. Mutumin ya saki jaki da kaya ya tsallaka can, bai sake dawowa ba har iyalinsa suka bi shi. Jakin kuwa kowa ya san shi, akwai tsaga biyu a kunnensa na hagu. Ɗan duwan yana bukatar mutum da zai nuna wa manyansa, ba jaki ba. Ya ce shi mai jakin ya gani da idonsa yana gudu. Asabar da safe aka zo aka ɗaure Baba da igiya aka tafi da shi Kance, inda fadar sarki take, aka ce ya jira kumandan zai zo rangadi ya yi shari'a. Tafintan sarki ya gaya wa kawuna, yayan Inna, cewa irin wannan laifi aikin hanya ne, wata shida ko fiye, ga damina tafe.

Mu biyu muka ga Baba a kan soro daga hantsi zuwa la'asar, ni da mushe. Shaidar yarinya ba shaida ba ce, balle 'yar mutum. Saura mushe.

Kawu ya sa babbar rigarsa ya je. Ina shara a lokacin, na ji komai. Ya durƙusa a ƙofar aji kamar ya zo gaban sarki, ya yi bayani. Mushe bai ce masa ya tashi ba. Ya ce zai je, ba don magini ba, don gaskiya, kuma zai nuna wa mutanen ƙasar nan cewa gaskiya ba ta bukatar rawani ko gemu. Kawu ya yi ta godiya. Da ya fita, na ga mushe yana murmushi shi kaɗai. Kwana uku a jere, bayan an tashi yara, yakan tsaya gaban bencina babu kowa yana gwada jawabi da Faransanci, ya ɗaga hannun dama, ya sauke, ya sake ɗagawa, yana duba ko hannun rigar ya zauna daidai. Ni ina gefe da tsintsiya. Ban taɓa jin sunan babana a cikin jawabin ba.

A gida kuwa wata damuwa ce ta taso. Tafinta ya gaya wa Kawu cewa a shari'ar kumandan ba a karɓar shaida sai mai ita ya rantse da abin da yake tsoro. Musulmi ya dafa Alƙur'ani. Arne ya dafa ƙarfe. To mushe fa?

Mutanen garinmu iri uku suka sani a cikin 'yan Adam. Akwai Musulmi. Akwai arna na ƙauyukan wajen Dawce, masu tsafi a gindin tsamiya, waɗanda in sun lashi wuƙa suka rantse ba sa ƙarya. Akwai Nasara da aka ce mutanen Annabi Isa ne, ko da yake kumandan ɗinmu ba a taɓa ganin ya yi wata ibada ba. Na huɗu babu. Saboda haka duk shekarun da mushe ya yi yana cewa ba shi da addini, ba wanda ya ɗauka iyakar maganar ke nan. An ɗauka akwai abin da ya samo can bakin teku, yake jin nauyin faɗa don darajar ubansa.

Inna ta ce babu mahalukin da ba ya durƙusa wa wani abu. Goggona, ƙanwar Baba, ta ce ai ruwa ba ya tsami banza, mutum ba zai bar abin ubansa ba sai ya riƙe wani. Suka yi ta lissafi, ko rana ce, ko littattafan nan nasa, ko agogon da ke aljihunsa da yake yawan cirowa yana kallo. Can Inna ta juyo ta dube ni.

"Ke da kike wuni a gindinsa kamar kyanwa. Me kika ga yana yi wa ladabi?"

Na sunkuyar da kai.  Sannan na faɗi abin da na gani: farar macen, da hankici, da kunnuwa, da cire hula, da waƙa. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban rage ba. Goggo ta tafa hannu ta ce magana ta fito, gunki gare shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Kawu ya yi a'uziyya, ya ce ko ma mene ne, in dai zai fitar da mutum daga igiya, a kai masa abinsa. Suka yanke shawara kada a gaya wa mushe, don in aka tambaye shi zai musa. A bari sai an zo wajen rantsuwa, a ajiye masa a gaba, ya huta da jin nauyi.

Ranar shari'a mushe ya hau dokin da sarki ya aiko masa tun da sassafe, kakinsa ya sha guga har yana ƙyalli. Mabuɗin aji yana hannuna. Na hau benci na sauko da farar macen. Ta fi yadda nake zato sauƙi, ashe cikinta rami ne, har da gidan zanzaro a ciki. Inna ta ba da zanenta na saƙi, wanda take zuwa suna da shi, aka naɗe ta, aka sa a babbar ƙwarya. Goggo ta ce ba a zuwa wa gunki hannu rabbana, tun da fara ce a haɗa da farar kaza. Aka ɗaure ƙafar kaza aka ba Goggo. Kawu mai yawan nafila ne, ya ce shi ba zai taɓa ba. Ni aka yi wa gammo aka ɗora wa. Daga Matameye har Kance a kaina ta je, cikin yashi da zafin bazara, ina jin haɓarta tana bugun gefen ƙwarya duk taku ɗaya.

A ƙofar fada aka yi zaman, ƙarƙashin rumfar zana. Kumandan yana kan kujerar zane mai naɗewa, jajir, gumi ya jiƙa masa hammata, yana sakace lofensa da tsinke. Sarki na gefensa a kan shimfiɗa, sai alƙali, sai tafinta a tsaye. Baba yana zaune a ƙasa cikin rana. Igiyar ta ci masa wuyan hannu, ƙuda na bin wurin. Da ya gan ni da ƙwarya, ya dubi Kawu, Kawu ya gyaɗa masa kai wai komai ya yi daidai.

Ɗan duwan aka fara kira. Ya nemi buta ya yi alwala a gaban jama'a, a tsanake, har da tsefe gemu da yatsu. Alƙali ya tura masa Alƙur'ani a cikin gafaka. Ina kusa, kuma ni ƙasa nake kallo kullum, shi ya sa na gani. Kafin ya dafa, sai ya girgiza kafaɗa kaɗan, hannun rigarsa ya zubo ya rufe masa tafi. Yadi ne ya taɓa gafakar, ba fatarsa ba. Ya rantse da murya mai ƙarfi cewa babana ya gani. Alƙali ya ga hannun rigar nan kamar yadda na gani. Sai ya shiga gyara bakin rawaninsa. Wannan mutum, ɗan duwan, sahun gaba yake tsayawa ranar Juma'a, kuma ya yi zaton Wanda ya halicci ido ba ya gani ta cikin yadi.

Aka kira mushe. Ya taso, ya cire hula ya maƙale a hammata, ya tsaya a gaban kumandan, ya ba sarki da alƙali ƙeya. Alƙali ya turo gafaka. Mushe bai ko dube ta ba. Ya fara jawabinsa da Faransanci, wanda na riga na haddace rabinsa wajen shara. Ya ce shi mutum ne mai hankali da ilimi, ya bar tatsuniyoyin kakanni, ba ya rantsuwa da littafi ko ƙarfe, zai ɗaga hannunsa na dama ya rantse da mutuncinsa kamar yadda ake yi a Faransa. Yana magana yana satar kallon fuskar kumandan, irin kallon da mu yara muke yi masa in mun ba da amsa muna jiran ya ce daidai. Ya kai ƙarshe, ya fara ɗaga hannun.

Kumandan bai ɗago daga lofensa ba. Ya ce wannan rantsuwar ta Faransawa ce. Ya ce kai ba Bafaranshe ba ne, talakan Faransa ne, ka rantse da abin da ubanka ke rantsuwa da shi mu tashi, rana ta yi.

Tafinta bai fassara wannan ba. A duk taron nan, in ka cire su uku, ni kaɗai na ji. Hannun mushe ya tsaya a sama, bai kai ba bai dawo ba. Can sai ya kai shi ƙeya ya sosa, kamar dama abin da ya ɗaga shi yi ke nan.

Alƙali ya sake turo gafaka, ya ce da shi a hankali, ɗan malam, ai ka san yadda ake yi. Mushe ya ce da Hausa ba zai dafa ba. Sarki ya sa aka ɗauko wuƙar da ake ba arna. Ya ce wannan ma ba zai taɓa ba. Jama'a suka fara guna-guni. Nan Kawu ya ga lokaci ya yi. Ya matso a durƙushe ya faɗi gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri, nauyi yake ji. Mun zo masa da nasa."

Ya tura ni gaba. Na sauke ƙwarya a tsakiyar rumfa, na warware zanen Inna, na tsayar da ita a kan yashi tana fuskantar mushe. Goggo ta miƙo kaza ta ajiye a gefenta. Kazar ta yi fiffika ta watsa wa farar macen yashi a fuska.

 Kumandan ya dubi macen, ya dubi kaza, ya tambayi tafinta mene ne wannan. Tafinta ya tambayi Kawu, Kawu ya yi bayani dalla-dalla, har da hankici da kunnuwa, tafinta ya juya. Kumandan ya fara dariya. Ya yi dariya har lofe ya faɗi, har tari ya sarƙe shi, wani dogari ya kawo masa ruwa. Fadawa da ba su san abin dariyar ba suka taya shi, don ba a barin babba ya yi dariya shi kaɗai. Daga baya na san cewa macen nan ba abin bauta ba ce, alama ce kawai ta mulkin ƙasarsu, kamar tuta. A ranar ban sani ba. Abin da na sani shi ne mushe ya kafe ni da ido.

Da kumandan ya share hawaye, sai ya ce to madalla, shi ya yarda. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ga rantsuwar da ta fi wannan dacewa da ma'aikacin gwamnati ba. Mushe ya dafa kan macen ya faɗi abin da ya gani, a saki magini, kowa ya tafi. Wannan karon tafinta ya fassara. Na ji Goggo tana hamdala a bayana.

Ga abu uku a gabansa a kan yashi: gafaka, wuƙa, da farar macen. Ko wanne ya taɓa, Baba zai kwana a gida. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

Baba bai yi magana ba tun da aka fara. Ba mai yawan magana ba ne, a wurinsa na gado. Sai a lokacin ya ɗago.

"Mushe, kai da bakinka ka ce babu komai a cikinsu. To abin da babu komai a cikinsa, me zai ci ka in ka taɓa? Ka gan ni a kan soron nan. Kai ka ce in ƙara ƙasa ta gabas."

Mushe bai dube shi ba. Sai ya juya wa kumandan, ya amsa da Faransanci. Ya ce mutum mai ilimi ba ya shiga wasan jahilai, kuma yana fata kumandan zai tuna cewa shi bai sunkuya ba. Ya kifa hularsa a ka, ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Akwai ƙaya da ta maƙale a safarsa, ya sunkuya yana cirewa a hankali.

Kumandan ya ɗaga kafaɗa, dariyar ta riga ta wuce masa. Ya ce shaida ɗaya ce aka rantse a kanta. Wata shida a aikin hanyar Damagaram. Ya tambayi tafinta ko an gama dafa abinci. Alƙali ya rataya gafakarsa. Wani dogari ya ɗauke kazar, ba mu sake ganinta ba.

Ni na mayar da macen Matameye, a kaina, cikin zanen Inna. Mushe ya wuce mu a kan doki wajen rabin hanya, bai waiwayo ba. Kashegari ya yi mini bulala goma a tafin hannu saboda taɓa kayan gwamnati, ya hau benci ya goge ta, ya mayar da ita alkuki. Bai karɓe mabuɗin ba, don ba shi da wani mai sharar da ba ya magana.

Inna ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Ni ce na riƙa gaya wa kaina, shekara da shekaru, cewa da ban buɗe baki ba a tsakar gida, da ba a yi masa dariya ba, da wataƙila ya dafa gafakar a ƙarshe. Sai da na girma na bar wannan tunani. An ba shi gafakar sau biyu kafin in sauke ƙwarya. Daga baya na zauna da mutane iri-iri, har da waɗanda ba sa salla kuma ba su yarda da komai ba, wasunsu in ka faɗi su za su fara ɗaga ka. Abin da ke tsakanin mushe da Allah bai taɓa zama damuwata ba, akwai ranar da za su gana. Abin da na gani da idona a Kance shi ne mutumin da ya ce ba ya tsoron kowa a sama, ga shi kuwa duk jikinsa kunne ne yana jiran Bature mai sakace lofe ya ce masa ya yi kyau. Baturen kuma ko sunansa ban tabbata ya riƙe ba.

Damina ta sauka. Inna da Goggo da ni muka yi shuka, Kawu ya taimaka da noman fari, sauran ciyawa ta ci. Da aka ba da dogon hutu mushe ya tafi Damagaram. Ya bar mini umarni in riƙa buɗe aji duk mako ina sharewa, in na ga yoyo in kawar da abin da ke ƙasa.

Soron bai sha makuba ba. Ruwa na uku ya ratsa daidai inda Baba ya ce zai ratsa. Ranar da na buɗe na tarar ɗigo yana bin bango yana sauka cikin alkuki, jan ruwa mai ƙasa, ɗis, ɗis, a kan hular macen, ya gangaro ta goshi ya bi hanci. Na jawo bencinan da ke kusa na kai su lungu. Na kwashe allunanmu da alli na sa a akwati. Na naɗe taswirar bango. Ita kuwa na tsaya na kalle ta, na tuna ba a ba ni izinin taɓa kayan gwamnati ba, tafin hannuna shaida ne. Na share ɗakin na kulle. Duk mako ina zuwa in duba. Farko ta yi jan zane-zane kamar mai tsagar gado. Sannan hular ta fara laushi. Wajen ƙarshen damina idonta ɗaya ya shafe.

Baba ya dawo ana yankan gero. Ya rame, kuma kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sama da kunne, wai dutse suka yi ta ɗauka. Magini da ba ya iya jefa tubali sama ya gama gini. Ya koma yin daɓen ɗaki da gyaran murhu, aikin da a da yake bar wa mata. Bai taɓa ambaton mushe ba, ko da zagi. In sun haɗu a hanya yakan ce masa sannu, ya wuce.

Mushe ya dawo kwana kaɗan bayan Baba, da sabuwar hula. Ina shara ya shigo. Ya dubi bencina a lungu, ya dubi akwati, ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga ido. Ya ja benci da sauri ya hau, ya sauko da ita ya rungume a ƙirji, jar ƙasa tana ɓata masa kaki. Ya ciro hankici ya naɗe a yatsa ya fara gogewa. Hancin ya biyo hankicin.

Ya tambaye ni ko ban ga yoyon ba. Na ce na gani. Ya ce to wa ya yi wannan. Ban taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba in ba karatu ya sa ni ba, amma ranar na amsa masa da Faransancin da ya koya mini, idona a kan takalminsa.

"Ruwa ne, mushe. Tururi ne ya tashi ya huce ya faɗo. Ba wanda ya sa shi."

Ya ɗaga hannun dama. Na rufe ido ina jiran mari. Da na ji shiru na buɗe, na ga hannun a tsaye a sama, bai kai ba bai dawo ba. Ya kai shi ƙeya ya sosa. Ya juya ya fita da ita a hammata, ya nufi gidansa ta bayan lakwal, ba ta bakin hanya ba.

Gutsattsarin farar ƙasa sun zuba a gindin benci, har da hancin. Awaki sun shigo ta taga cikin dare sun bar kashinsu a lungu. Na haɗa duka da tsintsiya na kai juji.